Ɗanɗanon Gishiri

Kai da takardun ga sunka faɗo hannunka, kafin ka kwance su ga kacici-kacici, kuma kada ka yi saurin ba ni gari tun ba ka yi gumi ba. Ɗan kwanona bai kai tafin hannu ba. Ya ƙosar da ƙato, ya ƙosar da tsohuwa, su biyun kuma in ka tambaye su sai su rantse maka ba su ci komi ba. Mi ne ne?

Ni ce Mairama, ta wani ƙauye bayan Tursa cikin ƙasar Rabah. Yaƙi da jahilci kaɗai na yi, alƙalami ma riƙon muciya nike yi mashi. Badaru jikana ne, ɗan ɗana marigayi, ni na goye shi, ya tahi Koriya karatun noman rani. In na rubuta, sai a ɗauki hoton takardar da waya a tura mashi, tashi kuma a bugo mini ita a takarda daga gari. Ga su nan yadda sunka zo.

*Daga ƙauye, farkon damina*

Zuwa ga mijina Badaru, wanda ya tsere ya bar ni babu cefane,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ni dai ga ni nan. Gwiwa tana ƙara awa tsohon ƙyaure, amma tana kai ni gona tana maido ni. Ruwa ya zauna, mun shuka gero. Akuyarka ta haifi biyu, ɗayan ya ɗauko kunnuwanka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hoton da ka aiko kana tsaye gaban makarantarku. Na juya shi, na kai shi haske, na maido. Wuyanka ya yi tsawo awa na zalɓe, riga tana rataye a jikinka kamar an shanya ta bisa darni. Mi suke ba ka ci can? An ce mini da tsinke suke cin abinci. Mu nan tsinke sai an ƙare ci ake neman shi don sakace. Ka faɗa mini gaskiya, ban son amsar nan taka ta komi lafiya lau.

Amma duk yunwar da ta kama ka, ka riƙe abin da ka sani. Ɗan gidanmu ba ya zama gaban manya da loma a baki. Kakanka ya tsufa shina cin kasuwar Wurno, babu mahaluƙin da ya taɓa ganin muƙamuƙinshi na motsi. Mu ko shanu sun ƙare, kunya ba ta ƙare ba.

Matarka da ka ƙi,
Mairama

*Daga Koriya, bayan Babbar Salla*

Zuwa ga uwargida mai gwiwar ƙyaure,

Inna, na ga takardarki, na yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki har na ji tsoron maƙwabcina ya buga bango. Lafiyata lau. A gaida akuya da mai kunnuwana.

Abinci akwai shi, Inna, ya ma yi yawa. Bayan makarantarmu akwai unguwar ɗalibai, lunguna ne ƙanana, kowace ƙofa gidan abinci ce. Tururi yana fitowa ta taga, ƙamshin tafarnuwa da barkono da man riɗi yana bin mutum har cikin aji. Nan in mutum ya gamu da kai ba ya tambayar gajiya, sai ya ce ka ci shinkafa? Ita ce gaisuwarsu. Kuma ba su son ci su kaɗai. Akwai gidajen da in ka shiga kai ɗaya ba za a ɗora maka tukunya ba, sai kun kai biyu.

Mu a ɗakin bincikenmu, duk ranar da aiki ya yi kyau ko ya ɓaci, malaminmu Farfesa yakan kwashe mu duka zuwa cin abinci. Dattijo ne, furfura fes, zai yi sa'ar Kaka da shina da rai. Da sunka gane ban cin naman alade ban shan giya, sai sunka bar gidan da sunka saba, sunka koma na wata tsohuwa mai dafa kifi da awara kawai. Ɗalibai suna ce mata Imo, wato ƙanwar uwa, kowace mai abinci haka ake kiranta. Saboda ni sunka canza, Inna.

To amma teburin nata ƙarami ne, gwiwa tana taɓa gwiwa, tukunya ɗaya a tsakiya kowa yana sa cokali, Farfesa kuma fuska da fuska da kai. Nakan raka su har bakin ƙofa, in ce na ƙoshi, in juyo. Ina jira a ja hannuna ko a matsa mini kamar yadda ake yi a gida, amma su in ka ce ka ƙoshi sai su yarda. Sai in sayi taliyar leda in zuba mata ruwan zafi a ɗakina, wanda in na miƙe ƙafa take taɓa ƙofa.

Ga hoton teburin nan da ɗaya daga cikinsu ya turo mini, ki ga irin cimarsu.

Mijinki mai dawowa,
Badaru

*Daga ƙauye, gero ya fara kai*

Zuwa ga Badaru zalɓen Koriya,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, sai barci da ya yi ƙaranci. Mutanen daji masu bindiga sun aiko ma ƙauyen da ke gabas da mu saƙo, kowa kunnenshi na waje. Kada ka sa wannan a ranka, mun saba.

Na ga hoton teburin. Badaru, wannan shi ne abincin da ya yi yawa? Na sa maƙwabciya ta duba mini ko idona ne. 'Yan farantai birjik, kowane awa murfin gwangwani, wannan da ganye tsunkule ɗaya, wancan da wani jan abu, wancan da 'yan kifin da ko kyanwa sai ta yi tunani kafin ta tashi dominsu. In an juye su duka wuri ɗaya ba za su cika ludayin hura ba. Wannan ai sadakar tururuwa ce. Yanzu na gane abin da ya tsotse ka: mutanen ga marowata ne, kuma marowatan da sunka iya ado.

Madalla da ka tsaya bakin ƙofa. Da ka shiga, hannu ɗaya za ka kai ka kwashe rabon mutum huɗu, a tashi ana cewa baƙon nan da yunwar ƙasarsu ya zo. Kuma gaban malaminka mai furfura! Ka yi daidai, ɗan halak. Na faɗa ma matan unguwa, na ce jikana ya tahi bangon duniya bai zubar da mutuncin gidansu ba. Ka ci gaba da cin tsutsar ledarka a ɗaki, in ka dawo ni zan cika wuyan da tuwo.

An ce gwamnati za ta yanke sabis na waya a ƙasarmu saboda mutanen daji. In ka ji shiru, ba yaji na yi ba.

Mairama

*Daga Koriya, sanyi ya shigo*

Inna,

Ina gaisuwa. Ban san ko wannan za ta same ki ba. Na rubuta wasu kafin ta, suna nan cikin waya ba su tafi ba. Kullum ina duba labarin Rabah, ina ganin sunayen ƙauyuka, ina neman namu ina kuma addu'ar kada in gan shi. Lafiyar jiki da sauƙi, sai jiri in na miƙe da sauri.

Inna, ba ki fahimci hoton nan ba, kuma laifina ne da ban yi bayani ba. An ɗauke shi kafin a kawo tukunya da shinkafa. 'Yan farantan nan mahaɗi ne kawai: kabeji mai tsami da barkono da suke ce ma kimci, tsiron wake, albasa da aka jiƙa a ruwan gishiri, 'yan kifi soyayyu. Kuma ba sa ƙarewa. Da zarar Imo ta hango gindin faranti ya bayyana, sai ta ɗauke ta ciko shi, ba a tambayarta, ba ta kuma ƙara kuɗi. Na gani da idona, don na shiga sau ɗaya.

Abin da ya shigar da ni shi ne babban ɗalibinmu ya ja ni gefe. Ya ce Farfesa ya tambaye shi ko ƙyamarsu nake yi. Ya ce sun bar gidan da sunka shekara suna zuwa domina, ni kuma ko ruwansu ban taɓa sha ba. A nan, in ji shi, wanda bai ci tukunya ɗaya da kai ba, ba ka fita da shi aikin gona na wata da watanni. Ƙarshen zangon nan Farfesa zai zaɓi waɗanda zai ci gaba da su, wanda bai sa ma hannu ba tallafin karatunshi ya yanke.

Sai na shiga na zauna. Imo ta ajiye mini shinkafa, ta gyara mini tsinkunan ƙarfe a gabana. Farfesa ya ɗaga cokali, kowa ya fara. Inna, hannuna ya ƙi tashi daga cinyata. Ina jin muryarki da muƙamuƙin Kaka. Har aka tashi shinkafata tana nan yadda aka kawo ta. Imo ta ɗauke kwanon ba ta dube ni ba. Tun ranar ba a sake cewa in zo ba. In lokaci ya yi sai su ɗauki rigunansu su fita, a bar ni da injuna.

Na yi ƙoƙarin yi musu bayani cewa girmamawa ce, sai babban ɗalibin ya ce bai taɓa jin girmamawar da take mayar da abincin tsohuwa kicin ba.

Na gaji, Inna. Kafin a sallame ni gara in sallami kaina. Ina tunanin in tattaro in dawo in kama miki gonar.

Badaru

*Daga Goronyo, bayan kaka*

Zuwa ga Badaru,

Ina gaishe ka, ina kuma gaya maka ina da rai, tun da na san shi kake son ji. Takardunka duka sun iso rana ɗaya. Mai gidan Gwaggonka Rahinatu ne ya tahi Sakkwato da wayar da ya kai albasa, can sabis ya kama, sunka zubo awa ƙwai daga cikin kaza. Shi zai tahi da wannan in ya koma.

Dubi sama ka ga daga inda nike rubutu. Wace gona za ka kama mini? Mutanen daji sun zo ana gab da yankan gero. Ba su taɓa ni ba, mi za su yi da ni. Sun kora dabbobi, har mai kunnuwanka. Munka fito da abin da ke jikinmu, munka kwana Rabah cikin makaranta, daga nan motar itace ta kai mu Wurno, can Rahinatu ta zo ta ɗauke ni. Geron yana can tsaye, tsuntsaye sun samu mai yi musu noma. Muciyata kaɗai na ɗauko, ban san dalili ba, hannuna ne ya kai kanta.

To ga ni gidan suruki, ni Mairama, da na sha yi ma wasu dariya. Mutumin kirki ne, ba ni da ta cewa. Ya fita daga ɗakinshi ya bar mini, shina kwana zaure tare da buhunan albasa, duk inda ya gitta sai idon mutane ya yi ruwa. In zai shigo gida sai ya yi ta gyaran murya tun daga waje awa mai tarin shekara, don in samu in ja labule.

Batun dawowa, ka cire shi. Gidan ga ya cika, ko akuya aka ƙaro sai ta kwana tsaye. Ka zauna inda Allah Ya ajiye ka. Batun malaminka kuwa, na karanta, na sake karantawa. Mutanen da ke jin haushi don an ji kunyarsu, ban taɓa gamuwa da irinsu ba. Ka ba shi haƙuri. Ka wanke mashi mota ko ka ɗaukar mashi jaka. Na gaji da rubutu, hannuna yana rawa, sanyin dam ɗin nan ne.

Mairama

Ƙari daga Gwaggonka Rahinatu. Badaru ɗana, ta ba ni in ninke, na ƙara wannan ba ta sani ba. Ba sanyi ne ke sa hannunta rawa ba. Tun da ta zo gidan nan ba ta ci abin kirki ba. In na kai mata tuwo sai ta gutsiri gefe ta rufe, ta ce a fitar. Ta ce ba za a ga kwano ya fito wayam daga ɗakin surukuwa ba, a bi da shi ta tsakar gida gaban mai gida, alhali guminshi ne a ciki. Na yi roƙo, na yi kuka, na ce zan fitar da kwanon cikin zane. Ta ce ita za ta sani. Mai gidana, Baffanka Sajo, ya rasa yadda zai yi, shi ba ya iya yi mata magana. Zanenta yanzu sau biyu yake zagaya ta. Kai take jin maganarka.

*Daga Koriya, ƙanƙara tana zuba*

Inna,

Alhamdu lillahi da kina raye. Na yi sujada a ɗan ɗakin nan har goshina ya bugi ƙafar gado. Allah Ya mayar da alheri, Ya saka ma Baffa Sajo.

Gwaggo ta faɗa mini, kuma kada ki yi mata faɗa. Ashe zalɓe biyu ne a gidanmu. Kin ce in zauna, to na ji, amma zama nan ba ya yiwuwa sai da ci, Farfesa ba ya da motar da zan wanke, da keke yake zuwa. Jibi-jibin nan za a yi cin abincin rufe zango a gidan Imo, babban ɗalibi ya ce in zo in na ga dama, daga shi sai sa hannun Farfesa.

Ni ba zan iya gaya miki ki ci ba, ke kika koya mini rashin ci. Abin da na sani shi ne duk abin da kika yi da kwanon Baffa Sajo, shi zan yi da na Imo. In kin rufe kin ce a fitar, ni ma haka, sai mu haɗu a Goronyo mu kwana tsaye tare da akuyar.

Wani abu da na lura da shi ranar da na zauna: su ma suna da tasu kunyar. Yaro ba ya ɗaga cokali sai babba ya ɗaga. In zai sha abu gaban dattijo kuma sai ya kawar da fuska gefe ya kare da hannu. Na ga haka na ce da Inna tana nan da ta ce waɗannan an yi musu tarbiyya rabi.

Gwaggo, ki karanta ma Baffa takardata ta baya, wadda na yi bayanin 'yan farantai. Ina gaishe shi.

Badaru

*Daga Goronyo, an fara dashen albasa*

Zuwa ga ɗan banzan miji mai yi ma matarshi barazana,

Ina gaishe ka duk da haka. Jiki da dama. Munafukar Gwaggonka na gan ta, na kuma ga abin da ta ƙara, Allah Ya shirye ta.

Bari in ba ka labarin abin da ke faruwa gidan ga, don abin ya dame ni. Mai gidan ya dawo daga Sakkwato da takardarka da wani ƙunshi. Washegari da hantsi ina ɗaki sai na ji shi tsakar gida, ya juya ma ƙofata baya, shina magana da bangon maƙwabta da ƙarfi. Wai shi miyar gidan ga ta lalace. Wai tun kwanaki gishiri ba ya zama daidai, yau ya yi yawa gobe babu, kuma abin kunya ne a ce akwai babba a gida ana cin irin wannan. Rahinatu da ta fi shekara ashirin tana yi mashi miya, tana tsaye tana ba shi haƙuri, muryarta awa ta mai dariya ko mai kuka, ban leƙa ba.

Can sai ga ta da wani ɗan faranti na tangaran, wallahi awa wanda ke cikin hotonka, da loma ɗaya ta tuwo da miyar kuka a kai.

Ta ce, "Inna, taɓa mini gishirin ga, kada a sake ni."

To mi zan yi? Ɗiyata ce, aurenta na rawa. Na taɓa. Na ce ya yi kaɗan. Ta fita ta dawo da wani. Na ce yanzu ya so ya yi yawa. Ta ce ta ƙara ruwa, in sake dubawa. Daga nan ta ce ga wake ma ba ta yarda da shi ba, ga kuma wani kifi da anka kawo daga dam. Badaru, yarinyar ga ba ta iya girki ba ko kaɗan, sai da na yi ta dubawa har azahar. Da dare ma haka. Yau kwana nawa ke nan ban huta ba. Shi kuwa mai gidan, in an fito da ɗan farantin sai ya dubi sama ya ce da alama dai ana samun gyara, amma a ci gaba.

Kada ka ce na ci abincin suruki. Ban ci ba. Kwanon tuwona yana fita a rufe yadda ya shigo, kowa shaida ne. Aiki nike yi musu.

Saboda haka ga hukuncina a kanka. Abin da ke cikin farantin da bai kai tafin hannu ba, ba abinci ba ne, ɗanɗano ne, ko gaban sarki ana yin shi. Tsohuwar nan Imo tana ta ciko faranti tana kawowa, kai ba ka gane ba? Tambaya take yi a gaya mata gishirinta, shekara da shekaru babu mai hankalin da ya amsa mata. Ka tahi ka taimaki baiwar Allah. Ka fara da albasa, ita ka sani, ɗan masu albasa ne kai ta wajen Gwaggonka. Ka jira dattijon ya ɗaga cokali, ka kawar da fuska gefe yadda ka ce suna yi, ka taɓa. In ta sake cikowa, ba laifinka ba ne. Shinkafa kuwa, ai ba a gane gishiri sai da abin da za a raka shi.

In ka dawo mini da hannu bisa cinya, na sake ka saki uku, in auri mai keken.

Mairama

*Daga Koriya, an rufe zango*

Uwargida,

Ina gaisuwa, ina gaida Gwaggo da Baffa mai magana da bango. Lafiya lau, jirin ma ya tafi.

Na je. Na zauna a ƙarshen tebur, na zuba ma kowa ruwa tun da ni ne ƙarami. Farfesa ya ɗaga cokali. Na juya fuskata wajen bango, na kare da hannu, na ɗauki albasa da tsinke, ta faɗi, na sake ɗauka, na kai baki. Da na juyo, Imo tana tsaye a kaina da wani farantin albasar. Na ce mata da ɗan yarensu da na iya, gishiri ya yi daidai. Ta buga mini bayan wuya da tafin hannu, irin bugun da kike yi mini, ta faɗi wata magana mai tsawo kowa ya yi dariya. An ce cewa ta yi wata nawa tana tunanin ko hannunta ne ya mutu.

Can sai Farfesa ya cire ƙaya daga tsokar kifi, ya miƙo hannu ya ɗora ta bisa shinkafata, ya ci gaba da cin abincinshi. Babban ɗalibi ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya ce uba ne kawai ke yi ma ɗa haka. Na juya bango na daɗe ban juyo ba, ba don tauna ba.

Da munka fito Farfesa yana kwance kekenshi, ya tambaye ni lambar takalmina. Ya ce gonar da za mu je in ƙanƙara ta narke taɓo ne har gwiwa, za a saya ma kowa na roba.

Ni ma ban ci komi ba, Inna. Faranti nawa ne ban sani ba, ɗanɗano dai na yi.

Badaru

*Daga Goronyo*

Zuwa ga mijina, na fasa sakin,

Ina gaishe ka. Mai keken ya yi asara, ka ba shi haƙuri. Sabis ya dawo, yanzu Rahinatu daga bakin murhu take tura maka, mai gidan ya huta da ɗaukar takardun mata cikin albasa.

Ba mu koma ba, ba kuma ranar komawa. Waɗanda sunka leƙa sun ce rufin ɗakina ya faɗa, geron kuwa kara ne kawai. Wani lokaci in na farka sai in rasa ina ne gabas. Ina zaune dai, ina duba gishiri safe da yamma, zanena ya koma zagaye ɗaya da rabi. Jiya na karɓi tuƙin tuwo da muciyata, don hannun yarinyar ga ba ya kai gindin tukunya. Ka sa takalmin robarka ka koyo abin da ka je koyo, ko Allah Ya sa wata rana a samu gonar da za ka gwada shi. Ka gaida Imo, ka ce wata tsohuwa a Goronyo ta janye kalmar rowa.

Kai kuma mai karatu da ka biyo mu har nan, riƙe garinka, ba ni da inda zan ajiye shi. Ɗan farantin tangaran ne. Mijin Rahinatu ya sayo shi a kasuwar Sakkwato, loma ɗaya yake ci, in gindinshi ya bayyana sai a ɗauke a ciko. Ɗan'uwanshi yana Koriya, bisa teburin wata mai dafa kifi da awara a lungun bayan makaranta.

Mairama